A Makarantar Zane, Kai Ne Ubangidan Kanka

Ƙannena maza da mata na Yakasai da kewaye, yau da waɗanda suka samu gurbin karatun zane-zane da fasahar hannu nake, da kuma masu shirin nema. Wasunku za su hau mota a Unguwa Uku su nufi Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello. Wasu a nan Kano za su tsaya, ko a Kwalejin Fasaha ta jiha, wadda kowa ke kira Poli, ko a makarantar horar da malamai ta Sa'adatu Rimi da ke Kumbotso. Duk inda kuka dosa, abu guda ne zai fara tarbar ku: za a ba ku aiki, kuma babu mai tsayawa a kanku har ku gama.

Mu 'yan cikin birni mun san yadda ake koyon sana'a. Uba ya kama hannun ɗansa ya kai shi wurin baduku a Kurmi, ko maɗinkin hula, ko marini a Ƙofar Mata, ya ce ga amana. Daga ranar, ubangida ne zai ce yau shara, gobe jiƙa fata, jibi riƙe zare. Shi ke sayen kayan aiki, shi ke ciniki da mai kaya, shi ke ba da kuɗin abinci, in yaro ya makara shi zai aika gida a ji ko lafiya. Tsarin yana da takura, amma yana ɗauke wa mai koyo nauyi uku: tsara lokaci, riƙon kuɗi, da yanke hukuncin ko aiki ya yi ko bai yi ba. A makarantar zane, rana ɗaya za a jibga muku ukun nan. Malami zai shigo situdiyo ya ce nan da mako uku yana son zanen kasuwa da fenti, ko tulu biyu na yumɓu, ko yadi huɗu na rini, ya juya ya fita. Ba zai tambaye ku ko kuna da kuɗin fenti ba, balle ko kun karya kumallo. Na sha ganin yara masu baiwa, waɗanda tun suna firamare ake taruwa kallon zanensu, sun kasa kai bantensu, alhali hannunsu lafiya lau. Abin da ya kayar da su shi ne ba su iya zama iyayen gidan kansu ba.

Ba a fafe gora ranar tafiya

Ɗalibin tarihi ko na shari'a yana iya yin sakaci zango guda, daren jarrabawa ya kwana yana haddace takarda, wani lokaci ma ya tsallake. Ku wannan ƙofar a rufe take gare ku, domin kayan aikinku ba sa jin magiya. Fentin mai yana ɗaukar kwanaki kafin ya bushe, in ka ɗora wani a kan ɗanye sai launukan su cakuɗe su koma ruwan taɓo. Yumɓu sai an cuɗa shi an fitar da iska, an gina, an bar shi ya sha iska a inuwa sannu a hankali. In da sauran danshi a cikinsa aka saka shi a tanderu, inda zafi ke kai wajen digiri 1,000, tururi zai fasa shi, ya kuma fasa na maƙwabcinka da bai ji ba bai gani ba. Da hunturu yumɓu na saurin bushewa har ya tsage, sai an lulluɓe shi da leda. Da damina kuwa sai ka yi ta jira. Wanda ya taɓa tsayawa a marinar Ƙofar Mata ya san baba da toka sai sun yi makonni a rami kafin a tsoma zane, kuma shuɗi ba ya fitowa sai an tsoma an ɗaga ya sha iska, an sake tsomawa, sau da yawa.

Saboda haka, ranar da aka ba ku jinga, ku ɗauki takarda ku fara lissafi daga ranar miƙawa ku dawo baya. Kwana nawa bushewa za ta ci? Yaushe ake kunna tanderu, kuma mutum nawa ke gabanku a layi? Yaushe za ku shiga kasuwa sayen kaya? Bayan haka ku ware kwana biyu ko uku na tsautsayi, don wuta za ta ɗauke, tulu zai fashe, zazzaɓi zai zo ba sallama. Abin da ya rage bayan wannan lissafi shi ne ainihin lokacinku, kuma za ku tarar bai kai rabin abin da kuka zata ba.

Ku ɗora ranarku a kan salloli biyar, tunda su ne tsarin da kuka tashi da shi. Daga asuba zuwa hantsi haske yana da kyau, kai kuma bai gaji ba. Wannan lokacin zane ne. Kwanan situdiyo al'ada ce a wurin ɗaliban zane, kuma akwai daren da ba makawa sai an yi. Amma wanda ya mai da shi ɗabi'a, hannunsa zai fara rawa, sallar asuba ta kuɓuce masa, launin da ya haɗa a hasken kwan lantarki kuma gari na wayewa ya ga ba shi ba ne. Sannan ku riƙe ɗan littafin zane a aljihu ko a jaka. A tasha, a layin ruwa, a cikin a-daidaita-sahu, ku zana abin da ke gabanku ko na minti biyar ne. Hannu da ido da maimaici suke gogewa.

Kuɗin fenti daban, kuɗin tuwo daban

Karatun zane yana da tsada, kuma gara ku gaya wa iyaye gaskiya tun kafin ku tafi. Bayan kuɗin makaranta akwai kwali, fensir, buroshi, fenti, yadi, katako, sinadarin rini, kusan kowane mako. Yawancinsu daga waje ake shigo da su, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, farashinsu ya yi tashin gwauron zabo. Duk abin da aka turo muku daga gida, ko wanda kuka samu daga asusun ba ɗalibai rance da gwamnatin tarayya ta buɗe a 2024, ku raba shi ranar da ya shigo: na abinci, na kayan aiki, na mota da magani. Kada ɗaya ya ci ɗaya. Mai cinye kuɗin fenti zai tsaya gaban malami da uzuri, mai sayen fenti da kuɗin abinci kuma zai kwanta asibiti da gyambon ciki. Data ma ku yanka mata nata kason, don ita ce ɓarauniyar da ba a jin motsinta.

Kafin tafiya ku shiga Kasuwar Rimi ku yi guzuri irin na mutanen da: wake, shinkafa, garin kwaki, ƙuli-ƙuli, yaji, manja, busasshen tumatir. Samari, ku zauna kusa da Umma ko yayarku ku koyi dafa wake da shinkafa da miya ko da kala biyu ce. Babu abin kunya a ciki. Abin kunya shi ne ƙato ya zauna da yunwa ga risho ga tukunya.

Wajen kayan aiki, ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu ku sayi babban gwangwani ku raba. Ku koyi haɗa launi daga ja, rawaya, shuɗi, fari da baƙi, maimakon sayen kowane launi daban. Ku wanke buroshi da zarar kun gama, ku rufe fenti. Kada kuma ku raina abin da ke kusa: gawayi, jar ƙasa, shuni, lalle, guntayen fata da dukawa ke zubarwa, ƙyallayen da ke tarin shagon tela. Sau da yawa aikin da aka yi da waɗannan ya fi jan idon malami a kan wanda aka kashe wa dubbai. Game da aro, ku ara in ya zama dole, ku mayar kafin a tambaya. Situdiyo ƙaramin wuri ne, sunan mutum ba ya daɗewa bai zaga ba.

Ranar da za a kafe aikinka a bango

Akwai wata al'ada a makarantun zane da takan girgiza ɗan Bahaushe. Za a jera ayyukan aji, malami ya bi su ɗaya bayan ɗaya a gaban kowa, ya ce wannan hannun ya fi ƙafa tsawo, wannan inuwar ba ta san inda rana take ba, wannan kuma kwafa aka yi. Mu da aka rene mu da kara da kawaici, inda gyara ma sai an ja mutum gefe, mukan ji kamar an tsinka mu a kasuwa. Wasu daga nan suke ƙulla gaba da malami, wasu su daina kawo aiki sai an tashi.

Ku sani aikin ake dubawa, ba mutuncinku ba. Ku riƙe biro ku rubuta abin da aka faɗa, ku tambayi abin da ba ku gane ba, in kuna da dalilin abin da kuka yi ku faɗe shi da ladabi. Kunya ado ce a zaure, amma ɗalibin da ba ya iya bayanin aikinsa da bakinsa zai sha wuya ranar da mai jarrabawa na waje ya zo duba aikin kammala karatu. Kuma ɓacin aiki ba ƙarshen duniya ba ne. Bruce Onobrakpeya, ɗaya daga cikin manyan masu zanen Nijeriya, wanda ya yi karatu a Zariya, a 1967 ruwan asid ya lalata masa farantin ƙarfen da yake sassaƙa zane a kai. Da ya zo cike ramukan da wani irin gam, sai ya ga bugun da ya fito yana da tudu da kwari masu ban sha'awa. Daga wannan ɓarnar ya samo salon bugun zane da aka san shi da shi a duniya. Da ya jefar da farantin cikin fushi, da shi ke nan.

Sannu a hankali ku koyi yi wa kanku wannan duban kafin malami ya yi. Ku jingine aikin, ku ja da baya taku biyar, ku kalle shi kamar na wani. Ranar da kuka fara ganin aibin aikinku kafin a nuna muku, kun ɗauki nauyi na uku da ubangida ke ɗauka.

Kada ku tafi hannu rabbana

Idan aka ce ku zaɓi abin da za ku yi aiki a kai, da yawa sukan ruga intanet su kwaso dusar ƙanƙara da gine-ginen Turai, yanzu ma har da sa ƙirƙirarriyar basira ta zana musu. Malami ya ga irinsu ɗari kafin naku. Ban da haka, miƙa aikin wani da sunanka ha'inci ne, ko mutum ka biya ya yi maka ko na'ura. Kwamfuta kayan aiki ce, ku koye ta sosai, musamman masu zanen talla, amma kada ta yi muku tunani.

A Zariyar nan da za ku je aka taɓa yin muhawara kan kwaikwayon Turai da riƙon gadon gida. A 1958, lokacin makarantar tana Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, kafin ta zama jami'a a 1962, wasu ɗalibai suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya. Cikinsu akwai Uche Okeke, Demas Nwoko, Yusuf Grillo da Onobrakpeya. Malamansu akasari Turawan Ingila ne, manhajar ma ta can ce. Ɗaliban ba su ƙi koyon dabarun Turawa ba, amma suka ce sai sun haɗa su da gadon gidajensu. Okeke ya koma ga zanen jiki da na bango na matan Ibo. Nwoko ya shiga gine-gine da kayan gida, har a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo ta baje kolin gine-gine na birnin Banis a Italiya. Daga baya aka riƙa kiran su 'yan tawayen Zariya. Haka Ladi Kwali, wadda hotonta ke bayan naira 20: a ƙauye ta koyi ginin tukwane a hannun 'yar'uwar iyayenta, ta shiga cibiyar koyar da tukwane ta Michael Cardew a Abuja ta da, wato Suleja, a 1954, ta koyi sabuwar dabara ba ta yar da zanen ƙadangare da kifi na gidansu ba. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta ba ta digirin girmamawa.

To ku fa? Daga Yakasai da ƙafa za ku je marinar Ƙofar Mata, wadda ake danganta kafuwarta da 1498. Da ƙafa za ku je Kurmi, kasuwar da ta samo asali tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, da Gidan Makama. Kun tashi kuna ganin aska takwas a ƙirjin riga, dagi a goshin soro, zayyana a allon mai sauka, kwalliyar dawaki ranar Hawan Daushe, da rubutun Alƙur'ani irin na Kano wanda su Sharu Bala Gabari suka yi fice a kai. 'Yan Samaru kuma, ku shiga birnin Zazzau ku ga bakan gizon Masallacin Juma'a da Babban Gwani Malam Mika'ilu ya gina da ƙasa da azara a ƙarni na 19. Sabo ne ya sa ba ku ganin waɗannan abubuwa. Ku je ku zauna da masu sana'ar, ku gaishe su, ku tambayi sunan kowane zane da yadda ake fara shi, ku nemi izini kafin ku ɗauki hoto. Ramukan rini da yawa sun daina aiki, dattawan da suka san sirrin suna ta raguwa. Aikin kammala karatun da ya adana ko da zane goma daga hannunsu ya yi wa Kano hidima.

Maganar addini da maganar gida

Za a tambaye ku, a gida ko a majalisa, ko wannan karatu ya halatta. Kada ku amsa da tsiwa, kada kuma ku yi fatawa da ka. Malamai sun yi magana mai yawa kan surar abu mai rai, sun fi tsanantawa a kan mutum-mutumi, ba su kuma hana zanen bishiya, gini, rubutu da ado ba. Ku sami malamin da kuka amince da iliminsa, ku bayyana masa ainihin abin da ake koyarwa, har da darasin zana surar mutum da akan yi a shekarun farko, ku ji ta bakinsa tun kafin ku cike takarda. Fagen yana da faɗi. A Samaru, bayan sashen zane-zane akwai na tsara kayan masana'antu, inda ake koyon tangaran, zanen yadi da zanen talla. Mutum zai iya zaɓar layin da zuciyarsa ta natsu da shi.

A makaranta za ku haɗu da Bayarabe, Ibo, Tibi, Kirista da Musulmi, ku yi amfani da bokitin ruwa ɗaya. Ku zauna da kowa lafiya, ku koyi abin da ya fi ku iyawa, ku riƙe naku tarbiyyar. Amma ku kula da wanda zai ce muku basira ba ta zuwa sai an sha wani abu. Ƙarya ce da ta kai samari da yawa asibitin masu taɓin hankali na Dawanau. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai.

Ƙannena mata, in aikin dare ya kama, ku tafi ku biyu ko uku ku dawo tare. Duk wanda ya nemi ya haɗa makinku da mutuncinku, ko wane ne shi, kada ku yi shiru: ku adana saƙonninsa, ku gaya wa gida, ku kai ƙara ofishin kula da harkokin ɗalibai. Masu karatu a Kano suna kwana a gida kuwa, taku jarrabawar daban ce: aike, girki, biki, suna, ƙanne masu taɓa fenti. Ku zauna da Umma da Baba ku nuna musu jadawalin aikinku, ku roƙi lungu guda da sa'o'in da za a ɗaga muku ƙafa, ku kuma cika hidimar da kuka ɗauka a sauran lokacin. Iyaye sukan girmama karatun da suka ga mai shi yana girmamawa.

Aikin waje da zaman jira

Da zarar hannunku ya fara faɗawa, aiki zai zo: allon shago, katin biki, tambarin kamfani, hoton ango da amarya, zanen lalle. Ku karɓa, domin yana rage wa iyaye nauyi, yana koya muku ciniki. Ku yanka farashi tun farko, ku karɓi kafin alƙalami da zai sayi kayan aiki, ku faɗi ranar da za ku iya cikawa. Amma kada ku karɓi aikin waje a makon miƙa na makaranta. Kuɗin allo ɗaya ba zai biya shekarar da aka maimaita ba.

Yajin aiki ma ku sa shi a lissafi. A 2022 jami'o'in gwamnati sun yi wata takwas a rufe. In irin haka ta faru, kada ku dawo ku zauna a dakali. Ku nemi wurin mai buga littattafai, ko marini, ko maɗinki, ku ce a ba ku wuri ko ba biya. Kowane aikin da kuka gama kuma, ku ɗauke shi hoto a haske mai kyau, ku rubuta ranarsa da girmansa ku adana. Ranar neman aiki, wannan tarin za a fara cewa ku nuna kafin takardar shaida.

A shekarar ƙarshe akan yi baje kolin ayyukan masu fita. Ku yi aiki tun yanzu da niyyar gayyatar iyayenku wannan rana, ku biya musu kuɗin mota da abin da hannunku ya samo, ku zagaya da su kuna yi musu bayani da Hausa. Ƙannenku da ke zane a bayan littafin lissafi suna jiran abin da Baba zai gani a can, don da shi zai yanke hukunci ranar da su ma suka ce zane za su karanta. Allah Ya yi wa hannuwanku albarka, Ya ba ku ilimi mai amfani da abokai na gari, Ya dawo mana da ku lafiya. Amin.